Finjalin da Baba Genzo Ya Ware Mini

Aki, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Fusako,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatan gidan abincinki. Yaya ƙarin haƙurinmu? Yaya gwiwar taki da wannan ruwan da aka kwana uku ana yi? Mu nan lafiya lau, sai dai ƙanenki har yau in ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin Baba sai ya rage tafiya.

Bayan haka, saƙonki ya iso ta bakinsa. Wai in je gidan Kawu Tomeji, babban dangi a yanzu, in durƙusa in ba da haƙuri, in kuwa na ƙi, kada in sa rai da wurin zama ranar da Baba zai cika shekara. Na zaɓi in amsa miki a takarda domin kin san muryata ba ta kai taki ba, kafin in haɗa magana ɗaya kin yi goma. Ki yi haƙuri da rubutuna a harshenku, na 'yan firamare ne, iyakar abin da Baba ya iya cusa mini ke nan.

Ba zan je ba, Yaya.

Tunda na ji kina gaya wa mutane hannuna ne ya yi rawa, bari in rubuta abin da ya faru ranar kwana arba'in da tara da rasuwar Baba, kada a daɗe ana faɗar naki har ya zama gaskiya. An gama addu'o'inku da rana, muka hau benen gidan abincinki, aka jera manyan farantai. Mutane suka fara zagaye kamar kullum, kowa ya ɗauki finjalinsa ya je gaban wani, ya miƙa masa, ya zuba masa giyar shinkafa, wancan ya shanye ya mayar, shi ma ya zuba masa. Ina gefen taga sai ga ki kin taho a kan gwiwa, riƙe da 'yar butar da aka ɗaura wa jan zare a wuya. Duk dangi sun san wannan zaren, alamar ruwa ce. Kika ce, “Zuwa, yau da finjalin wasa za mu sha, Baba yana son wasa.” Kika ɗora mini finjalin nan mai huda a gindi, wanda sai an toshe da yatsa, ba ya ajiyuwa sai an shanye. Da hannunki kika gyara mini yatsana a kan hudar. Na bar ki, saboda na ga zaren.

Bai kai haɓata ba hancina ya gaya mini giya ce. Na dube ki, kika yi murmushi, kika ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji: “Shanye mana, surukar gida. Kwalbar ƙarshe ce da Baba ya zaɓa da kansa. Ko shi ma za ki ƙi shi?” Kawu Tomeji ya fara tafi yana cewa yau kwaɗo zai bar ruwa. Mutum talatin suna kallona. Ƙanenki ya yunƙura zai tashi, kika ce masa, “Zauna, jan fuska, kai da kurɓi ɗaya ke kayarwa me ka sani?” Ya kuwa zauna, wannan kuma tsakanina da shi ne.

Hannuna bai yi rawa ba. Na ambaci sunan Allah a zuciyata, na janye yatsana da gangan. Ta tsiyaye a kan baƙar rigata, ta gangara kan tabarmarki. Ko yau aka maimaita abin da zan yi ke nan.

Ko kin manta, ni ban manta da walimata ta farko a gidan nan ba, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, wata biyu da ƙanenki ya ɗauko ni daga Nguru. Kawun nan dai ya miƙo mini finjali, na ce addinina ya hana, ɗaki ya yi tsit kamar na zagi uwar kowa. Baba ne ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko ɗan koren finjali sabo fil wanda giya ba ta taɓa shiga ba, ya ciko buta daga rijiyar bayan gida, ya tsinko jan zare daga kwandon ɗinkin marigayiya Mama ya ɗaura. Ya durƙusa gabana, mutumin da ya shekara arba'in yana ɗanɗana giya a masana'anta, ya zuba mini ruwa, na sha, na mayar masa, ya sha. Sannan ya ce, “Wanda yake son ya gaisa da surukata, ga hanya. Wanda maƙogwaronsa ya fi ƙarfin ruwa, ya zauna inda yake.” Tun ranar nake zagaye da ku a kowace walima.

Ko wata biyu bai yi da rasuwa ba kika kwance masa zare. Koren finjalin kuma na neme shi ranar ban gani ba, mai wanke-wankenki ta ce kin sa a aljihu. Nawa ne. Ki aiko mini da shi.

Ki gaida mutanen gida.

Ni ce matar ƙanenki,
Zuwaira

Aki, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Fusako,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fatan kwanakin hutun nan ba su gajiyar da ke da baƙi ba. An ce kifi ya shigo da kyau bana. Mu nan an gama dashen shinkafa, kwaɗi sun hana kowa sakat, Kawu zai ji daɗi in ya ji 'yan'uwana sun yi yawa.

Takardarki ta zo, finjali bai zo ba. Na karanta ta sau uku da ƙamus a gefe, don kada in ɗora miki abin da ba ki faɗa ba. Kin ce finjalin kayan gidan Nishimori ne, ni kuma baƙuwa ce da aka daɗe ana lallaɓawa. Kin ce wadda ba ta taɓa sanin ɗanɗanon saké, giyar shinkafarku, ba, ba ta san Baba ba, don haka ba ta da abin da za ta yi makokinsa.

Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni cin abinci. Na yi kwana shida ina roƙon Allah ya kama mini harshena, domin akwai amana a wuyana. Na auna, na ga mai amanar ya tafi inda kunya ba za ta same shi ba, ke kuma kina nan kina yanka ni da sunansa. In na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Kin ce ban san shi ba. Ke ranar Litinin kike zuwa, in kin rufe shago, ki koma da jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu. Sauran kwana shidan wa ke nan? Ban taɓa zuba masa giya ba, ban taɓa ɗaukar kwalbar ba, shi ma bai taɓa sa ni ba. Amma ina zaune ina tsinke wake nake kallonsa kowace yamma. Da sanyi ya tsoma 'yar butarsa cikin ruwan zafi, ya riƙa taɓa gindinta da tafin hannu har ta kai ɗumin jikin mutum, in ta wuce haka ya yi tsaki ya ce ya kashe ta. Da zafi ya rataya kwalbar cikin rijiya. Ya babbaka kifinsa a wutar karan shinkafa, ya yanka da kauri, ya barbaɗa gishiri da tafarnuwa, ba ya barin kowa ya matsa masa lemo sai ya yi kurɓin farko. Ya riƙe kurɓin a baki, ya ja iska ta haƙora, ya lumshe ido, sai ya ce, “Ita ke nan.” Finjali uku, ba ya ƙarawa. Na huɗun ruwa ne, da ni, a koren finjalin.

To shekara uku da suka wuce, bayan zazzaɓin nan da ya kwantar da shi, hancinsa ya mutu. Ni na fara ganewa, ranar da kifi ya ƙone a gabansa yana karanta jarida. Washegari na same shi a rumbu ya buɗe galan ɗin kananzir ya kafa hanci a bakinsa, hawaye yana bin fuskarsa. Ya ce mini, “Zuwa, duk ruwa ne. Giya ruwa, miya ruwa. Kada Fusako ta ji. In ta ji za ta daina kawo kwalabe, in ta daina kawowa me zai kawo ta?”

Kin tuna lokacin da ya fara ce miki ki bar kwalaben su kwana, zai bugo miki waya gobe? Kika ce tsufa ya sa shi yanga. Da safe yakan jera fararen finjalan nan masu shuɗin zobe a ciki, ya zuba, ya kira ni. Ni 'yar mai haɗa turaren wuta ce, tun ban kai shekara bakwai ba uwata take rufe mini ido ta ce in faɗi abin da ke cikin kasko. Nakan tsaya, hannuwana a baya, in sunkuya kaɗan. In ce wannan kankana ce da ta nuna, wannan ayaba ce amma da tsami a bayanta, wannan dafaffiyar shinkafa ce ba wani abu, wannan kuwa rana ta taɓa ta, tana warin tsohon tsumma. Shi kuma ya haɗa da abin da idonsa ya gani da abin da ya sani, ya rubuta, ya bugo miki. Ni kuma in je in yi alwala in yi ta istigfari, don ban taɓa gaya wa kaina abin da nake yi daidai ne ba. Tausayin tsoho ne ya rinjaye ni.

Duk kwalbar da kika jera a allon gidan abincinki cikin shekara ukun nan kina cewa zaɓin Baba ce, hancin baƙuwar nan ne. Har wadda kika zuba mini. Shi ya sa na gane ta tun kafin ta kai bakina, ni na fitar da ita cikin biyar, sati uku kafin ya kwanta.

Yanzu sai ki ƙara gaya mini wanda bai san shi ba. Ina nan ina jiran finjalina.

Zuwaira

Aki, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Fusako,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan guguwar makon jiya ba ta yi miki ɓarna ba. Mu ta ɗauke mana kwano biyu a rumbu, ƙanenki ya mayar. Ya ce ya gan ki kin rame. Ki riƙa cin abinci kafin ki fara zagaye da baƙi.

Wata biyar ba ki ce mini uffan ba, sai shekaranjiya ga akwati. Na ɗauka finjali ne. Na buɗe na ga wuyan kwalabe uku na giyar kaka, da takardarki a soke a tsakani.

Ashe kin sani. Ashe tun bara waccan, ranar da Baba ya ce miki ta tsakiyar tana ƙamshin goruba. Kika ce kin tambayi masu kawo kaya, kin tambayi masu sayar da 'ya'yan itace, ba wanda ya taɓa jin wannan suna, sai da kika jefa wa ƙanenki tambayar a cikin hira ya ce ai wani ɗan itace ne na garin su Zuwaira, mai tauri, ana gwaguya. Na tuna ranar. Na rasa abin da zan kwatanta ta da shi a harshenku, kalmar ta fito mini da Hausa, shi kuma bawan Allah ya rubuta yadda ya ji. Na yi dariya da na karanta, sannan na yi kuka.

Kin ce abin da ya ƙona ki shi ne ubanki ya kai kunyarsa wurina ya ɓoye miki, kina zuwa duk Litinin kina yi masa tafi kamar wawuya. Kin ce shi ya sa kika so in ɗanɗana abin da na zaɓa ko sau ɗaya. A kan wannan zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Na taya shi rufe ki shekara uku, ina gaishe ki ina ba ki shayi. Wannan haƙƙinki ne, ina roƙon ki yafe mini. Amma da kin ja ni kicin kin zage ni tas, da na tsaya na saurara. Ke kuwa sai kika jira ya mutu, kika tara mutum talatin, kika ɗauki alamar da ya ɗaura don a kare ni kika yi mini tarko da ita. Kada ki haɗa laifina da naki, ba nauyinsu ɗaya ba.

Sai kuma ƙasan takardar, inda rubutunki ya ƙanƙance. Wai tsofaffin baƙinki sun fara cewa giyar bana ba ta hau da kifin ba, wani har ya tambaya ko kin canza mai kawo kaya. Wai in ɗan sunkuya a kan ukun nan, in na yi, finjali zai zo, wurin zama ma zai samu, ba sai na je wurin Kawu ba.

Yaya, ba ki ji nauyi ba? Da bazara ni baƙuwa ce da ba ta san komai ba, da kaka kuma hancina kike so. Abin da na yi, don Baba na yi, ina yi ina tsoron Allah, kuma ya ƙare ranar da aka fita da shi. Ba zan sayi finjalina da shi ba. Shekara talatin kina zaune gefensa kina kurɓa, in ba ki koyi komai ba, wannan ba matsalata ba ce. Buɗe su da kanki.

Ƙanenki zai maido miki akwatin ranar Asabar, ko murfi ban taɓa ba. Ranar cikar shekara kuma zan zo. In ba ki ajiye mini matashin zama ba, zan zauna a kan tabarma. In ba a ba ni finjali ba, zan miƙa hannu haka nan in riƙe shi a miƙe har a tashi, kowa ya gani.

Ki huta lafiya.

Zuwaira

Aki, 24 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Fusako,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gajiyar taro? Abinci ya yi kyau, wannan kam ba a taɓa raina ki a kansa ba. Mun iso gida lafiya kafin magariba. Baba ya cika shekara, al'amarinsa yana wurin Ubangijinsa, wanda ya fi ni sanin kirkin da ya yi mini.

Ban yi miki sallama ba da za mu tafi, shi ya sa na ce bari in rubuto, kada ki ce ban da tarbiyya.

Na ga inda kika ajiye matashina, can bakin ƙofa kusa da takalma, inda iska ke shigowa. Na zauna. Na ga yadda aka yi ta zagaye ana tsallake ni kusan awa guda. Da na miƙa hannuna kamar yadda na ce zan yi, na ji Kawu yana cewa, “Ku duba, kwaɗo yana roƙon ruwan sama.” Wannan karon ƙanenki ya amsa masa, ya ce, “Kawu, ci kifinka.” Shekara ashirin da biyar nake jiran kalma ukun nan.

Hannuna ya fara sanyi kafin ki taso. Kika zo da koren finjalin da buta mai jan zare, fuskarki kamar an aiko ki karɓar gawa. Kika zuba har ya tumbatsa ya jiƙa mini yatsu, ba ki dube ni ba. Na san ranki ya ɓaci da na kai shi hanci na daɗe ina shinshinawa a gaban kowa, na ji kin ce ƙasa-ƙasa, “Sha, muguwa, ko sai na rantse miki?” Ki yi haƙuri, ke kika koya mini. Na sha, na mayar miki, na zuba miki. Kika shanye kika yamutsa fuska kika ce, “Ba ɗanɗano.” Ai Baba ma haka ya sha tasa shekara uku, bai taɓa yamutsa miki fuska ba.

Abu biyu suka rage. Na farko, da Kawu ya kurɓi giyar da kika zaɓa da kanki ya ce ba laifi, na ga kin waiwayo kina neman idona daga can ƙarshen ɗaki. E, ƙamshinta ya iso har bakin ƙofa, kuma ina da ra'ayi a kanta. Ba za ki ji shi ba, yau ko gobe.

Na biyu, ruwan da kika ba ni na famfo ne, na ji warin maganin birni a cikinsa. Na shanye ne don Baba. Finjalin yana nan wurina, na sa shi a aljihu a gabanki kamar yadda kika yi, kada ki aiko neman sa. Kada kuma ki ɗauka mun shirya, har yau in na buɗe akwatin baƙar rigar nan ina jin abin da kika zuba mini.

Badi in Allah ya kai mu zan zo da na rijiya. Ke za ki zuba.

Ni ce matar ƙanenki,
Zuwaira Nishimori